Inda Nauyin Alwatika Yake Zama

Kowace alwatika, komai karkacewarta, tana da wuri guda tak a jikinta da za ka ɗora ta a kan tsinin ƙusa ta zauna daram, ba ta rinjaya ko'ina ba. Ba sai an yi ta lalube ba, da rula da fensir ake gano shi. Auna gefe ɗaya ka sa alama a tsakiyarsa, sannan ka ja layi daga alamar zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ka yi wa sauran gefuna biyun haka. Layukan nan uku za su haɗu a ɗigo ɗaya, kuma ɗigon nan shi ne wurin da muke nema. Kowane layi daga cikinsu shi ne midiyan da ake faɗa a aji, wato layin tsakiya. Mahaɗarsu kuwa ita ce sentiroid, cibiyar nauyi.

Yaranmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da ke shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sun san wannan. Sun kuma haddace cewa cibiyar tana raba kowane layin tsakiya kashi 2 da kashi 1. Abin da ke damuna shi ne, in ka ce musu "me ya sa?" sai ajin ya yi tsit. Kuma hadda mara dalili ba ta jure wa zauren jarrabawa. Da an juya zanen, an mai da kusurwar sama ƙasa, sai yaro ya rikice, ya rasa ina 2 take, ina 1 take. Alhali dalilin bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na sakandare ba.

Kafin dalilin, a raba layin tsakiya da 'yan uwansa biyu da ake yawan haɗa shi da su. Daga kusurwa ɗaya ana iya sauko da layi uku daban-daban: wanda ya sauka a tsakiyar gefe, wanda ya sauka a tsaye cak da digiri 90, da wanda ya raba kusurwar kanta gida biyu. A alwatika mai gefuna biyu daidai, in ka taso daga kusurwar da gefunan biyu suka haɗu, layukan ukun nan kan hau kan juna su zama ɗaya. Da yake irin wannan alwatikar malamai suka fi zanawa a allo don ta fi kyan gani, yara da yawa sun tashi da zaton ko'ina haka abin yake. Ni dai shawarata ga duk mai koyarwa, ya riƙa zana karkatacciya, wadda babu gefenta biyu da suka zo daidai. A nan ne kowane layi yake tafiya hanyarsa.

Mu sa wa kusurwoyin suna A, B da C. Tsakiyar BC mu ce D, tsakiyar CA mu ce E, tsakiyar AB mu ce F. Layukan tsakiya kenan AD, BE da CF.

Abu na farko mai sauƙi ne. Girman filin alwatika rabin gindi ne sau tsayi. Layin AD ya raba gindin BC gida biyu daidai, ɓangarorin biyu kuma duk a A suka haɗa kai, don haka tsayinsu ɗaya. Gindi ɗaya, tsayi ɗaya, fili ɗaya. In gindin santimita 12 ne, tsayin kuma 9, filin duka 54 ne, kowane ɓangare 27. Siffarsu na iya bambanta, wani siriri ne mai tsawo, wani gajere ne mai ƙiba, amma ƙasar da ke cikinsu ɗaya ce. Ka riƙe lambobin nan 12, 9 da 54, za mu dawo kansu.

Abu na biyu shi ne wanda ya cancanci a yi mamakinsa. Layi biyu in ba a jere suke tafiya ba dole su haɗu, wannan ba labari ba ne. Amma na uku ya zo ya bi ta daidai inda biyun suka haɗu, a kowace alwatika da aka taɓa zanawa ko za a zana, wannan sai da hujja. Ga ta. Ja BE da CF kaɗai tukuna, ka kira mahaɗarsu G. Yanzu haɗa F da E. Tunda F rabin hanya ce daga A zuwa B, E kuma rabin hanya daga A zuwa C, ƙaramar alwatikar AFE ita ce babbar ABC da aka rage ta rabi. Saboda haka FE rabin BC ne, kuma a jere suke tafiya, ba za su taɓa haɗuwa ba. To dubi alwatika biyun da suka haɗa baki a G: GBC a ƙasa, GEF a sama tana kife. Kusurwoyinsu iri ɗaya ne, kamanninsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta, kuma mun riga mun san bambancin, domin BC ninkin FE ne. Kenan kowane gefe na babbar ninkin takwaransa ne a ƙaramar: BG ninkin GE, CG ninkin GF. Ga 2 da 1 ɗin nan sun fito da kansu, kuma 2 tana wajen kusurwa.

Saura AD. Maimaita wannan aikin da AD da BE. Hujjar ba ta canza ba, don haka su ma za su haɗu a wurin da ya raba BE kashi 2 da kashi 1 daga B. Wuri nawa ne a kan BE yake da wannan siffar? Ɗaya ne tak, kuma shi ne G. Ashe AD ba shi da wata hanya sai ta nan.

Akwai wata hanyar gani da na fi so, domin ita ce ke zama a kan yaro. Kowa ya san sikelin sanda: in nauyin hannu ɗaya ya ninka na ɗayan, dole marataya ta matsa kusa da mai nauyin kafin sandar ta daidaita, nisan mara nauyin ya ninka na mai nauyin. To ɗora dutse mai kilo 1 a kowace kusurwa. Na B da na C, tunda nauyinsu ɗaya, suna daidaita ne a tsakiyarsu, kamar dai an ajiye kilo 2 a D. Yanzu AD ya zama sandar sikeli, kilo 1 a A, kilo 2 a D. Ina marataya za ta zauna? Kusa da D, nesa da A, kashi 2 da kashi 1. Da ka fara haɗa na C da na A, da a kan BE za ka samu wurin. Da ka fara da A da B, da a kan CF. Duwatsun dai su ne, ba su san da wanne ka fara ba, wurin daidaituwarsu ɗaya ne. Yaron da ya ga haka ba zai ƙara tambayar ina 2 take ba, domin ya san kusurwa ita kaɗai ce a ɓangarenta, can kuwa su biyu ne suka haɗu.

Sai dai duwatsu uku daban, farantin kwali ko na ƙarfe daban. Me ya sa shi ma farantin yake zama a G? Ka ɗauka ka yayyanka shi siri-siri, kowane yanki a jere da BC. Kowane siririn yanki yana daidaita ne a tsakiyarsa, tsakiyoyin nan kuma duk a kan AD suka jeru tun daga gindi har tsini. Don haka in ka ɗora farantin a kan kaifin rula ta layin AD, zai zauna. Haka ta BE, haka ta CF. Wurin da ke kan layukan uku gaba ɗaya shi ne zai ɗauki farantin shi kaɗai. Gani ya kori ji: kwalin madara, almakashi da ƙusa sun isa a gwada wannan a tsakar gida.

Wannan ilimi ya daɗe. Arkimidis na birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa cibiyar nauyin alwatika tana kan layin tsakiya, a littafinsa kan daidaituwar siffofi. Malaman daular Musulunci suka ɗora a kai. Sabit bn Ƙurra, da ya rasu a Bagadaza a 901, ya rubuta littafi a kan sikelin sanda, Al-Khazini na birnin Marwa kuma ya tattara bayanin cibiyar nauyi a Mizanul Hikma wajen 1121. Akwai ma wata ƙa'ida mai faɗi da ke gaya maka yaushe layuka uku daga kusurwoyi za su haɗu a ɗigo ɗaya, wadda haɗuwar layukan tsakiya reshe ne kawai a cikinta. Littattafan makaranta suna jingina ta ga Ceva, ɗan Italiya, da ya wallafa ta a 1678, amma Yusuf al-Mu'utaman bn Hud, sarkin Saragosa a Andalus, ya riga shi tun ƙarni na 11 a littafinsa Al-Istikmal. Ina son yaranmu da ke zuwa makarantar allo da safe, boko da rana, su san wannan.

Mu koma kan alwatikarmu mai fili 54. Tunda GD kashi ɗaya bisa uku ne na AD, tsayin G daga gindi santimita 3 ne cikin 9. Alwatikar GBC kenan filinta rabin 12 sau 3, wato 18. Haka GCA, haka GAB, kowace 18. Kowace kuma guntun layin tsakiya ya sake raba ta biyu, sai aka samu ƙananan alwatika shida, kowace 9.

A nan ne mutane suke zarcewa, har da manya. Sai su ce, tunda farantin yana daidaita a G, duk layin da ya bi ta G zai raba shi gida biyu daidai. Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya tafi da shi. Ja layi ta G a jere da gindin BC. Abin da ke sama ƙaramar alwatika ce mai tsayi 6 da gindi 8, domin komai nata biyu bisa uku ne na babbar. Filinta rabin 8 sau 6, wato 24. Abin da ya rage a ƙasa 30 ne. Ga 24, ga 30, ba su zo ɗaya ba, amma ɗora farantin a kan kaifin rula ta wannan layin, zai zauna lafiya lau.

Yaya aka yi? Daidaituwa ba nauyi kaɗai take dubawa ba, nauyi sau nisa take dubawa. Ɓangaren sama alwatika ce mai tsayi 6, don haka cibiyarta tana santimita 2 sama da layin. 24 sau 2 ya ba da 48. Ɓangaren ƙasa ya fi nauyi, amma a takure yake kusa da layin, cibiyarsa santimita 1.6 kawai take ƙasa da shi. 30 sau 1.6 shi ma 48. Ƙaramin ya rama ƙarancinsa da nisa, domin tsininsa ya miƙa can. A kowace alwatika haka rabon nan yake fitowa, kashi 4 cikin 9 a wajen tsini, kashi 5 cikin 9 a wajen gindi. Cikin duk layukan da ke ratsa G, uku ne kaɗai suke raba fili daidai, su ne layukan tsakiya.

Wannan ba zancen allo ba ne kawai. A unguwanninmu, inda tituna ba su cika tafiya a miƙe ba, akan samu fuloti mai kusurwa uku, kuma rabon gado yakan biyo ta kansa. In 'yan uwa biyu maza ne za su raba, wani ya tsaya a cibiya ya ja igiya a jere da titi yana ganin ya yi adalci, to ya ba ɗaya kashi 5, ɗayan kashi 4 bai sani ba. Abin da ya dace shi ne a auna gefen da ke bakin titi, a sa turke a tsakiyarsa, a ja igiya zuwa kusurwar baya. Kowa ya samu ƙasa daidai, kowa ya samu bakin titi daidai. In su uku ne, igiya uku daga cibiya zuwa kusurwoyi za su ba da kashi uku daidai a lissafi, amma mutum ɗaya ne zai kwashe bakin titin duka in titin gefe ɗaya yake. Gara a raba gefen titin uku, a ja igiya biyu zuwa kusurwar baya; gindi ɗaya, tsayi ɗaya, fili ɗaya, hujjar farko ce dai ta sake aiki. In kuma namiji ɗaya ne da mace ɗaya, shi biyu ita ɗaya, turke guda ya wadatar, a kafa shi a biyu bisa uku na gefen. Lissafin nan girman ƙasa kaɗai yake aunawa. Inda rijiya take, inda ruwa ke kwanciya da damina, da batun takardu, wannan na malaman gado ne da mai safiyo.

Akwai wani tarkon da masu aikin hannu suka fi ɗalibai saninsa. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, na tsaya wajen wani mai walda, yaronsa ya haɗa firam mai kusurwa uku da rodi, gefuna santimita 60, 80 da 100, za a rataye shi a kwance. Yaron ya yi karatu, ya ɗaura zare daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarta, ya nuna mahaɗar ya ce, "Masta, nan ne tsakiyar nauyin." Maigidan bai ko ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Kai yaro, wannan ai na faranti ne. Cikin wannan iska ce, ƙarfen yana baki. Matsa wajen dogayen." Gaskiyarsa. A firam, kowane rodi nauyinsa gwargwadon tsawonsa ne, kuma a tsakiyarsa yake zaune. Ka tashi daga kusurwar sukwaya, mai digiri 90, inda rodin 60 da na 80 suka haɗu, ka auna ta gefen 80. Rodin 80 tsakiyarsa na kan 40, na 100 shi ma kan 40, na 60 kuwa kan sifili. Haɗa 80 sau 40 da 100 sau 40, ka samu 7,200, ka raba da jimlar tsawon, 240, ya ba ka 30. Mahaɗar layukan tsakiya kuwa tana kan 80 raba 3, kimanin 26.7. Bambancin ya haura santimita 3, ya isa ya sa abin ratayewa ya karkace. Faranti cikakke mai kauri ɗaya, ko nauyi uku daidai a kusurwoyi, waɗannan ne suke zama a G. Firam sai in gefunansa uku daidai suke.

Ɓangaren da jarrabawa ta fi tambaya shi ya fi sauƙi. In an ba ka matsayin kusurwoyi a takardar giraf, haɗa lambobin kwance ka raba 3, haɗa na tsaye ka raba 3. Ga A (1, 2), B (7, 0), C (4, 10): 1 da 7 da 4 sun ba da 12, 2 da 0 da 10 su ma 12, don haka G tana (4, 4). Duwatsun nan uku ne dai aka mayar lambobi. In kuma an ba ka G da kusurwa biyu ana neman ta uku, ninka G sau 3 ka cire biyun da ka sani.

Tsawon layin tsakiya kuwa, ƙa'idar Apoloniyus, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ce ke ba da shi. Ninka AB da kansa, ninka AC da kansa, ka haɗa. Jimlar daidai take da abin da za ka samu in ka haɗa AD sau AD da BD sau BD, sannan ka ninka shi sau biyu. In AB 7 ne, AC 9, BC 8, to 49 da 81 sun zama 130, rabinsa 65, cire 16, wato BD sau BD tunda BD 4 ne, saura 49, kenan AD 7 ne. Gwada ta a firam ɗin mai walda: 3,600 da 6,400 sun zama 10,000, rabi 5,000, cire 2,500 saura 2,500, wato 50. Layin da ya tashi daga kusurwar sukwaya rabin dogon gefe ne cif, kuma a kowace alwatika mai digiri 90 haka yake. Kafinta na iya duba sukwayarsa da wannan in tef kaɗai ke hannunsa.

G ba ita kaɗai ce cibiyar alwatika ba. Akwai mahaɗar layukan tsaye uku, akwai kuma tsakiyar da'irar da ta ratsa kusurwoyi uku. Waɗannan biyun sukan fice daga cikin alwatika in tana da kusurwar da ta wuce digiri 90, G kuwa ba ta taɓa fita. A 1765 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya nuna cewa su ukun a kan layi ɗaya suke, G a tsakani, kuma nisanta da mahaɗar layukan tsaye ninkin nisanta ne da tsakiyar da'irar. Hujjar wannan tana buƙatar zama na musamman.

Shi kuwa ɗaya bisa ukun nan yana bin ɗalibi har jami'a. Wanda ya shiga karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, zai same shi a darasin bango da ruwa. Ruwan da ke cikin tanki baya matsa bango da ƙarfi ɗaya daga sama har ƙasa: a fuskar ruwan babu matsi, yana ƙaruwa daidai da zurfi, ya kai matuƙa a gindi. In ka zana ƙarfin matsin a jikin bango mai tsayuwa cak, alwatika ce za ta fito, tsininta a sama, gindinta a ƙasa. Duk turin da ruwan yake yi, in aka tattara shi wuri ɗaya, a cibiyar wannan alwatikar yake sauka. Tankin siminti mai ruwa zurfin mita 3, a mita 1 daga ƙasa ruwan yake tura bangon, ba a mita ɗaya da rabi ba, kuma daga wannan tsayin injiniya yake lissafa kaurin bango da yawan rodin da za a zuba a gindinsa.